Ƙodar Ummi ta Hagu

Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku zamana da mahaifinku, Allah ya jiƙansa, na rubuta shekarun da na yi ina koyarwa a firamare har na ajiye alli, amma duk sanda na iso kan rashin lafiyar Ummi sai in rufe littafin in ce sai gobe. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne maganar da kunnena ya tsinta a gidan biki watan jiya. Ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, tana gaya wa wata baƙuwa cewa Rabi ce ta yi rashin kunya ta ƙwace 'yarta daga hannuna. Shekara goma sha ɗaya kuna yawo da wannan magana, ina jinku ina yin shiru, domin shirun ya yi mini daɗi. To ba haka aka yi ba.

Saboda jikokin da za su karanta bayan ba ni, Ummi ita ce 'yar fari a wurin ɗana Nasiru da matarsa Rabi. Sunana aka sa mata, shi ya sa kowa ke ce mata Ummi, ni kuwa Takwara nake kiranta. Ranar da aka yaye ta aka kawo mini ita da 'yar jakar kayanta, kamar yadda muka taso muka tarar ana yi. Ni ma haka aka ɗauke mini babban yayanku, kuma ban mutu ba. Gida ɗaya muke a Limawa, sashensu yana kallon nawa, ba abin da ya raba mu sai darbejiya da igiyar shanya. Rabi 'yar gidan malamai ce daga Ringim, an rene ta da alkunya irin ta mutanen da. Ba ta kama sunan yarinyar, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ko faɗuwa ta yi a tsakar gida sai Rabi ta kau da kai ta jira in fito. Idan ta kama dole sai ta ce "yarinyar Hajiya". Ita kuwa Ummi Anti take ce mata, kamar ƙanwar ubanta. Ni fa har alfahari nake yi da wannan. In ƙawayena suka zo sai in ce su zo su ga surukar arziki a zamanin da 'yan mata ke goya ɗan fari su shiga kasuwa da shi.

Tana shekara biyar zazzaɓi ya fara kama ta. Da damina ne, sauro ko'ina, na ce maleriya ce, na kai ta wurin mai kemis ɗin bakin titi ya yi mata allura uku, ta miƙe. Bayan wata biyu ya dawo. Ya sake dawowa da rani, lokacin da ko sauro ɗaya ba ka ji, sai mai kemis ya ce to wannan karon taifot ne, ya haɗa mana wasu ƙwayoyi. Duk maganin da aka ba ta sai jikin ya yi sanyi kwana biyu, ni kuma in ƙara yarda da kaina. Abin da ya fi ɓata mini rai a lokacin ba zazzaɓin ba ne, fitsarin kwance ne. Yarinyar da ta daina tun tana shekara uku sai ga shi ta dawo da shi, kullum da safe shimfiɗa sharkaf. Na ɗauka lalaci ne da shagwaɓar 'yar gidan kaka, na kuwa ce sai na raba ta da shi. Na hana ta shan ruwa daga la'asar. Da safe ita nake sa wa ta ja tabarmarta zuwa rana a gaban kowa. Na bar yaran maƙwabta suka kewaye ta da waƙar da ake yi wa masu fitsarin kwance, ina zaune ina tsintar shinkafa. Sau biyu na sa mata tsumagiya. Zan so in ce sau ɗaya ne, amma sau biyu ne. Daga nan yarinya ta koyi riƙe fitsari. Sai in gan ta ta durƙusa ta danne gabanta da diddige tana matse-matse, ta yini ba ta leƙa bayi ba, ni kuwa a raina har ina cewa tarbiyya ta fara shiga.

Rabi ce ke yi mini wanki, har da kayan yarinyar. Wata safiya tana shanya, bayanta na gare ni, ta ce:

"Hajiya, kayan nan na yarinyar suna wani irin wari."

Na ce, "Fitsari dai ai ba turare ba ne. Ki ƙara sabulu."

Bayan 'yan makonni ta kawo mini abincin rana, ta durƙusa ta ajiye, ta ƙi tashi.

"Hajiya, ɗazu na ji kamar ana kuka a bayi."

"Ana kuka." Haka ta ce, kamar ba ta san mai kukan ba. Na fahimci abin da take nufi sarai, kada wani ya ce ban fahimta ba. Raina ne ya ɓaci don na ji kamar ana leƙa mini tukunya. Na ce mata shagwaɓa ce, ta tashi ta tafi. Da ta rasa yadda za ta yi sai ta bi ta wurin mijinta, shi ma da tasa kunyar ta ɗan fari. Ya zo gaishe ni yana sosa ƙeya, ya yi zancen gona, ya yi zancen tsadar taki, sannan can a ƙarshe ya ce ko za a gwada kai yarinyar nan asibiti.

Na ce, "Ku bakwai na rena, na koyar da 'ya'yan mutane shekara talatin. Yau kai da matarka za ku koya mini zazzaɓin yaro?"

Ya ce Allah ya huci zuciyata, ya sa takalminsa.

Kwana kaɗan bayan babbar sallah zazzaɓin ya zo da abin da ban taɓa gani ba. Da hantsi ne. Jikinta na karkarwa har haƙora na haɗuwa, ta amayar da kokon da ta sha, ta riƙe kwiɓinta na hagu ta ƙi bari a taɓa. A ranar ban yi gardama ba. Nasiru ya samo mota muka nufi asibiti a nan cikin Dutse, Rabi ta biyo mu da kwandon abinci da filas, wai don kada in rasa mai miƙo mini abu. Likitar mace ce, yarinya ƙarama, in da a makaranta ne da na ce ɗalibata ce. Ta duba Ummi, ta ɗan buga bayanta ta gefen hagu, yarinya ta ƙwalla ƙara. Sai ta juyo gare ni da tambayoyi. Sau nawa ta yi zazzaɓi a bana? Na ce biyu ko uku. Tana kuka idan tana fitsari? Na ce a'a. Fitsarin yana wari, ko ya canja kala? Na ce lafiya lau yake.

Sai na ji murya daga bayana, can ƙasa-ƙasa.

"Yana yi."

Rabi ce, tana tsaye jikin ƙofa da kwando a hannu, idonta a ƙasa. Ta ce tun daminar bara ne. Ta ce zazzaɓin nan shi ne na shida, ta lissafo su ɗaya bayan ɗaya, wannan da aka yi girbin gero, wancan satin da aka yi rasuwa a maƙwabta. Ta ce fitsarin ya yi duhu kamar ruwan tsamiya, sau ɗaya ta ga ɗigon jini a wando, kuma yarinyar tana cije hannunta in ta shiga bayi don kada a ji ta.

Likitar ta ce, "Baiwar Allah, ke wace ce?"

Ni na amsa, na ce matar ɗana ce.

"Wato ita ce uwar yarinyar?"

Ba wanda ya ce e. Likitar ta dube ni, ta dube ta, ta ci gaba da rubutu. Ni kuwa kunya da fushi suka rufe ni, ba don halin da jikata ke ciki ba, don an ƙaryata ni a gaban baƙuwa. Da yamma da 'yan dubiya suka zo, ni da bakina na ce musu Rabi ta tsinka ni a gaban likita. Daga nan maganar rashin kunyar ta samo asali. Ba wanda ya ƙirƙiro ta sai ni.

Aka kwantar da mu kwana shida ana yi mata allura ta jijiya. Gwajin fitsari ya nuna ƙwayoyin cuta, ba maleriya ba, ba taifot ba. Likitar ta zana mini a bayan kati: ƙoda biyu a sama, kowace da siririyar hanya da ke gangarowa zuwa mafitsara. Ta ce in cutar ta tsaya a mafitsara, zafi ne kawai da yawan fitsari. In ta hau sama ta kama ƙoda, shi ne ake ganin zazzaɓi mai zafi irin wannan, kuma ƙodar ƙaramin yaro ba ta da juriya, tana iya yin tabo. Ta ce hannu da ido ba za su gaya mata ko an yi ɓarna ba, sai hoto, kuma hoton iri uku ne, kowanne da tambayar da yake amsawa. Na farko zai nuna girman ƙodar da siffarta. Na biyu zai nuna ko fitsari yana komawa sama maimakon ya fita. Na uku zai nuna wane ɓangare ne na ƙodar ke aiki, wane ne ya mutu.

Na farkon shi ne sikanin, irin wanda ake yi wa masu ciki, kuma a nan aka yi shi. Ba zafi, ba allura. Aka sa ta sha ruwa mafitsara ta cika, aka shafa mata wani abu mai sanyi mai yauƙi a ciki da baya, har ta yi 'yar dariya. Mai ɗaukar hoton yana goga na'urar yana kallon allo, ni ban ga komai ba sai toka-toka kamar talabijin ɗin da ta rasa tasha. Ya daɗe a gefen hagu, yana aunawa yana sake aunawa. Sakamakon ya ce ta dama lafiya lau, ta hagu ta fi ta ƙanƙanta, hanyarta kuma ta buɗe fiye da kima. Na ce wa likitar to ai an gani, a ba mu magani mu tafi. Ta ce wannan hoton ya nuna akwai matsala, amma bai faɗi dalilinta ba, sai an yi na biyu a Kano bayan cutar ta lafa.

Bayan mako biyar muka tafi Kano, ni da Nasiru da Ummi, Rabi kuma da kwandonta. Wata ma'aikaciya mai kimanin shekaruna ta yi mana bayani: za a zura 'yar roba siririya ta inda fitsari ke fita har cikin mafitsara, a ɗura wani ruwa da na'urar hoton ƙashi ke iya gani, sannan a zare robar yarinya ta yi fitsari a kwance a kan teburin, ana ɗaukar hoto a daidai lokacin. Mutum ɗaya ne zai tsaya da ita. Ba a ma tambaya ba, ni na miƙe, aka rataya mini wata riga mai nauyin tsiya ta dalma. Da aka zura robar ta yi kuka, na riƙe hannuwanta, aka wuce wurin. Aka cika mafitsara har cikinta ya ɗan tasa. Ma'aikaciyar ta ce, "Yauwa 'yar albarka, yi fitsarinki."

Ummi ta dube ni, ta matse ƙafafu.

Aka buɗe famfo don ta ji ƙarar ruwa. Aka zuba mata ruwan ɗumi a cinya. Na lallashe ta, na yi mata alkawarin alewa, daga baya na daka mata tsawa. Hawaye na gangara cikin kunnuwanta, amma fitsari ko ɗigo. Kusan rabin sa'a muna haka. Sai ta buɗe baki ta ce:

"Hajiya, a kan gado ne fa. Ba zan ƙara ba, na tuba."

Ma'aikaciyar ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni, duba irin na tsohuwa ga tsohuwa.

"Hajiya, ke take tsoro. Akwai wata a waje?"

Na cire rigar da hannuna na fita. Rabi na zaune a benci. Na ce ta shiga. Ta ɗago ta dube ni kamar na ce ta taka wuta, sai da na maimaita. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, kuma ban ji kunyar leƙawa ba. Na ga Rabi tsaye a kan yarinyar da hannuwa a sama, ta rasa inda za ta ɗora su. Shekara huɗu rabonta da ta riƙe 'yarta. Daga ƙarshe ta sunkuya ta kwantar da kumatunta a kan goshin yarinyar, ta rufe mata ido da tafin hannu, tana yi mata magana a kunne. Ban ji abin da ta ce ba, har yau kuma ban tambaya ba. Ba a yi minti biyu ba na ji ma'aikaciyar na cewa, "Madalla, ci gaba, ci gaba." Na koma kan bencin na zauna kusa da kwandon, na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar mahaifinku.

Hoton ya nuna abin da likitar ke zargi. A gefen dama ruwan ya fita ta hanyarsa. A gefen hagu ya haura sama har cikin ƙoda, fari tas a jikin hoton, ko ni da ban san aikin ba na gane. Aka ce akwai wani ɗan marfi a inda hanyar ta haɗu da mafitsara, nata na hagu bai rufuwa da kyau, haka aka haife ta. Duk sanda ta riƙe fitsari ya taru, sai ya koma sama da ƙwayoyin cutar. Aka ce ta riƙa shan ruwa sosai, ta riƙa zagayawa a kai a kai ko ba ta matsu ba. Wato duk abin da na hana ta shi ne maganinta.

A mota Ummi ta yi barci a cinyar Rabi tun daga Wudil har gida. Washegari da safe na haɗa kayanta a jaka, na ratsa ƙarƙashin igiyar shanya na ajiye a ƙofar ɗakin uwarta. Rabi ta fito ta durƙusa tana roƙona in yafe mata in mayar da kayan, mutane za su zage ta. Na ce ba zan mayar ba. Wannan shi ne abu ɗaya da na yi daidai a shekarar, kuma ko shi ban cika shi ba. Da ƙannen mahaifinku suka zo suna tambayar ina Takwara, girman kai ya hana ni faɗin gaskiya, na ce uwarta ta karɓe abarta. Ku mata kuka ɗauka, kuka daina shiga sashenta, kuka yi shekara biyu kuna gaisawa da ita a tsaye. Ba ta taɓa kare kanta ba. Ni kuma na koma ɗaki ni kaɗai, yarinyar da ke kwana a bayana ta koma gaishe ni daga bakin ƙofa.

Hoto na uku sai bayan wata shida, don a bar ƙodar ta huce a ga abin da ya zauna. Babu na'urar a kusa, sai da iyayenta suka kai ta Abuja, ni ban bi su ba. Nasiru ya ce allura ce 'yar ƙarama a jijiyar hannu, aka jira sa'a uku maganin ya taru a ƙoda, sannan ta kwanta shiru a ƙarƙashin wata babbar na'ura. Da suka kawo sakamakon na ce sai na raka su wurin likitarmu. Ta ɗaga takardar ta nuna mana. Ta dama cike take, sumul kamar ƙwayar wake. Ta hagu 'yar ƙarama, gefenta a gutsure sama da ƙasa kamar ganyen da fara ta ci. Ta ce wuraren da suka gutsure ɗin nan su ne tabo, ba sa aiki, kuma ba za su dawo ba. Ko rabin aikin 'yar'uwarta ba ta yi.

Na ce, "Likita, ki gaya mini tsakaninki da Allah. Da an kawo ta tun zazzaɓin farko fa?"

Ta ce, "Hajiya, marfin ba laifin kowa ba ne. Sauran kuma Allah ne masani. Amma ina zaton da tabon bai kai haka ba."

Na gode mata da ba ta yi mini ƙarya ba.

Yau Ummi na da shekara goma sha bakwai, ta fi uwarta tsawo, ta fi ni baki. Ta sha magani kullum na tsawon shekara biyu, marfin ya gyaru da kansa da ta girma, ƙodar dama na ɗauke da ita lafiya lau. Amma duk shekara sai an auna jininta an gwada fitsarinta, ba ta shan maganin ciwon jiki na kemis barkatai, kuma likita ta ce ranar da ta samu ciki dole a sa mata ido tun daga watan farko, saboda hawan jini. Ban ce ku zubar da alkunya ba, ni ma da ita na tsufa. Amma a gidan nan na ga uwa ta san ciwon 'yarta wata goma sha huɗu tana wanke shi da hannunta, ba ta da bakin faɗa, kuma ni na rufe bakin.

Masu neman aure sun fara aiko da gaisuwa, na kuma ji wasunku na cewa a rufe maganar ƙodar kada a kore su. Ban yarda ba. Hotunan uku suna cikin ambulan a wurin Rabi, a nuna wa duk wanda ya zo da gaske, wanda zai gudu ya gudu tun yanzu. Na san dangin miji, sai sun tambaya ko ciwon gado ne, ko daga wajen uwa ne, ko sakacin uwa ne. Kada wanda ya kuskura ya kalli sashen Rabi. In ina raye ku turo mini su, ni zan yi musu bayani da bakina. In kuwa na riga na tafi, ku buɗe musu wannan babin su karanta, har wurin tsumagiyar.